Wayar Iya Tabawa Ta Daina Kuka

Ku samarin yanzu dariya kuke ba ni. Mutum ya kalli bidiyo biyu, ya sayi sukudireba da ɗan buroshi, ya sa an rubuta masa Injiniya da jan fenti a jikin shago, shi ke nan ya zama mai gyaran waya. Ban hana ku ba, Allah ya ba da sa'a, kasuwar Gaya ta ishe mu duka. Amma kwanan baya muna shan shayi a bakin tasha na tambayi wasu daga cikinku me ya sa ake ce wa abin nan waya alhali ko zare ɗaya babu a jikinsa, sai kuka hau kallon juna. Wani ya ce, "Baba Sabo, ai suna ne kawai." To ni a wurina ya wuce suna, domin a cikinsa na ci na sha, na aurar da 'ya'ya. Ku gyara zama ku ji.

Ni da rediyo na fara, a rumfar marigayi Malam Ɗanjuma, can bayan 'yan goro. Aikin farko da ya ba ni shi ne hura gawayi. A lokacin ƙarfen narka dalma ba na lantarki ba ne, cikin kasko ake cusa shi har ya yi zafi. In ya wuce kima ya ƙone wa mutane rediyo, in bai kai ba dalma ta dunƙule ta ƙi kamawa. Malam ba shi da ma'aunin zafi sai kumatunsa, ya kawo ƙarfen kusa da fuska ya ce "ya yi" ko "ƙara hurawa". Na daɗe ina shaƙar toka kafin ya bar ni na leƙa cikin rediyo, kuma ko da ya bari, dokarsa ɗaya ce: "Sabo, kafin ka kwance rediyo, ka saurari mai rediyo." In mutum ya ce tun da aka kai ta gona ta shaƙe, ƙasa ce ta shiga. In ya ce tun da aka yi baƙi ta daina kama tasha, wani ne ya murɗe eriya. Rabin gyara a bakin mai kaya yake, in ka iya yin shiru.

Shi ne kuma ya ba ni tarihin waya. Ya ce daga bakin Turawa muka ɗauko kalmar, sunan zaren ƙarfe ne, irin wanda suka ja a kan turaku daga gari zuwa gari har gidan waya. Ta cikin zaren ake ƙwanƙwasa saƙo, ma'aikaci ya rubuta, masinja ya hau keke ya kai. Shi ya sa, in ji Malam, muke cewa buga waya, kuma har yau haka muke cewa ko da yake yanzu shafa gilashi kawai kuke yi. Ya ce a zamaninsu ba a bugo wa talaka waya don a gaishe shi. Da ka ji an ce an bugo waya, ka fara salati, rasuwa ce. Da tarho mai igiya ya zo sai ya gaji sunan, amma mu a nan sai a ofis muke hango shi, a cikin akwati an danna masa kwaɗo.

Da ta hannu ta shigo, sunaye suka yi mata yawa kamar ɗan da aka haifa a gidan yawa. 'Yan makaranta suka ce salula. Na taɓa tare ɗaya daga cikin masu kafa dogon ƙarfen sabis na tambaye shi ma'anarta, mutumin kirki, ya tsuguna ya zana min a ƙasa. Ya ce an yanka ƙasa ɗaki-ɗaki kamar saƙar zuma, kowane ƙarfe da ɗakin da yake tsaro, in ka fita daga wannan wancan ya karɓe ka, to sunan ɗakunan nan ne a Turance ya koma salula a bakinmu. Masu karanta labarai a rediyo kuwa suka ce wayar tafi-da-gidanka. Wannan bai ba mu wahala ba, don mun riga mun san kotun tafi-da-gidanka da asibitin tafi-da-gidanka mai zuwa yi wa yara allura. Wanda ya fara laƙaba mata shi ban san shi ba, amma ya iya raɗa suna. 'Yan acaɓa suka ce hansit. Daga baya ƙananan nan masu tocila suka samu nasu sunan, raka-ni-kashi, ku yi haƙuri, ba ni na raɗa ba. Duk da haka mutumin ƙauye bai wahalar da kansa ba, waya ya ce, waya kuma ta zauna.

Lokacin da rediyo ta fara ja da baya, Malam ya riga mu gidan gaskiya, sai na tattara abin da na tattara na sayi waya guda da layi. Na kafa laima a bakin kasuwa, tebur da benci, agogo don duba minti, batirin mota don caji. Sabis a lokacin sai an yi masa dabara, don haka na ɗaura eriya a kan doguwar gora na jawo igiyarta zuwa tebur. Ranar kasuwar Ajingi in ɗaure komai a bayan mashin in tafi can. Ku da kuke shiga ɗaki ku rufe ƙofa ku yi hira da budurwa, ba za ku gane yadda abin yake ba. Mutum ɗaya ke waya, mutum talatin na saurare. In na Kano ake kira a yi magana a hankali, in na Legas ne a ɗaga murya, wai ai da nisa. Yawanci sifika nake buɗewa don dangi su ji gaba ɗaya, har mai tallar rake ya sa baki ya ce a gaida mutanen gida.

Rabin aikin kuwa aike ne. 'Yan ci-rani su kira su ce a gaya wa wane na Kademi ya zo ranar kaza. A nan maganar Malam ta yi min rana: in na shiga ƙauye ba na fara cewa waya. Sai na yi sallama na ce, "Lafiya lau ne, alheri ne, kowa lafiya," sannan in ce an bugo. Tsofaffi ba su manta da wayar da suka sani ba.

Wata rana da bazara, ana sharar gona, waya ta yi ƙara na ɗauka. Murya ce ta namiji, a sanyaye.

"Salamu alaikum. Don Allah da Malam Sabo mai waya nake magana? Wani direban albasa ne ya ba ni lambarka. Sunana Isuhu, mutumin Balan ne ni, daga Fatakwal nake kira."

Ya ce ci-rani ya tafi da niyyar dawowa da damina, damina ta wuce, wata ta wuce, abu ya zama shekaru. Yana can mahaifinsa ya rasu, labari bai same shi ba sai bayan an yi arba'in, kunya ta ƙara riƙe shi. Yanzu Allah ya buɗa masa, yana aiki a shagon masu waya, yana so ya dawo gida. Amma ba zai taso ba sai ya ji muryar mahaifiyarsa, Iya Tabawa, ya ji ko ta yafe masa.

"Malam, in ta ce in zo, gobe ina hanya. In kuwa tana fushi da ni, gara in ƙare a nan."

Na aika Balan. Ranar kasuwa ƙanensa Ado ya ɗauko ta a mashin. 'Yar tsohuwa ce siririya, ta lulluɓe da mayafi, carbi a hannu. Labari ya riga ya zaga cewa ɗan Tabawa da ya ɓata zai yi magana, don haka laimata ta cika ta batse, maza da mata, har da masu awo sun bar buhunansu. Na zaunar da ita a benci. Waya ta yi ƙara, na buɗe sifika yadda na saba, na miƙa kusa da bakinta.

"Iya? Iya, ni ne. Isuhu ne. Ina wuni, Iya?"

Ta kau da kai wajen 'yan hatsi, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Iya, ki yi min magana don Allah."

Mutane suka ɗauka, "Iya ki amsa mana! Ɗanki ne fa! Ki ce wani abu!" Ita ko ƙala. Can ta dubi Ado ta ce, "Ka ce masa kowa lafiya. Tashi mu tafi, rana na yi." Ta miƙe ta ratsa taron ta wuce.

Na rufe sifika na kai wayar kunnena. Sai na ji ya ce, "Na ji, Malam Sabo. Tana da gaskiya. Uba ya rasu ban ɗauki gawarsa ba, da wace fuska zan shiga Balan? Kar ka ƙara wahalar da ita. Na gode." Ya kashe.

Abin ya tsaya min a rai ƙwarai, na ji tausayin yaron nan har na kasa cin abincin rana. Da na koma gida mai ɗakina Ladi ta kawo tuwo, ta ga ina juya loma, ta tambaya, na kwashe labari na gaya mata. Na ƙara da cewa ban taɓa ganin uwa mai taurin zuciya irin wannan ba.

Ta ce, "Shi na nawa ne a wurinta?"

Na ce, "Shi ne babba."

"Ɗan fari?"

"Ɗan fari."

Ta ajiye ludayi ta riƙe haɓa. "Kai ma dai, Malam! Ka tara mata kasuwa guda, maza da mata, ka buɗe sifika, ka ce ta yi hira da ɗan farinta? Kai taka uwar ka taɓa jin ta kama sunan Yaya Audu? Wallahi ko yanka ta za a yi ba za ta tanka ba. Ai zuwan da ta yi tun daga Balan a bayan mashin, shi ne maganar."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Abin da na tashi a cikinsa ne, na sani sarai: uwa a wajenmu tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta sakin fuska da shi a gaban mutane, ko da son sa zai kashe ta. Da a tsakar gida Isuhu ya durƙusa ta kau da kai haka, da shi da kansa ya gane. Amma yana Fatakwal, ba ya ganin taron, ba ya ganin mayafin. Shi dai ya yi gaisuwa ba a amsa ba.

Washegari na kira shi da katina. Da ƙyar ya ɗauka.

"Isuhu, ba fushi ba ne. Mutane ne suka yi yawa, rabin kasuwa na kanta."

"Malam, kar ka rarrashe ni. Na san abin da na yi."

"Ban iya rarrashi ba, gyara na iya. Ka ba ni dama ɗaya. Jibi bayan azahar ka kira lambar nan. In ba ta yi magana ba, kar ka ƙara ɗaukar kirana."

Ya ce to, irin to ɗin da ba ta kai zuci ba.

Na yi alkawari, ga shi Balan a lokacin babu sabis ko na magani. Na ɗaure gora biyu a jikin mashin, eriya, batir, jakar kayan aiki, na kama hanya tun da hantsi, ina tafe gora na shara ƙasa karnuka na bina. Da na isa na yi ta zagaya gidan da waya a sama kamar mai neman jinjirin wata, babu komai. Akwai tsamiya a bayan gidan, na sa Ado ya hau da gorar ya ɗaure ta a reshen ƙoli, ina ƙasa ina ba da umarni. "Juya ta wajen Gaya! Dama! Ka wuce, dawo kaɗan! Tsaya nan, kar ka yi numfashi!" Sanda ɗaya ta fito a fuskar waya, tana rawa, amma ta fito.

Sai ga wata matsalar. Igiyar eriya iyakarta gindin katanga, kuma kafin mu sauko maƙwabta sun fara taruwa a wurin, ana shirin maimaita kasuwar Gaya. Dole wayar ta kai har cikin ɗakin Iya. Ina da ragowar igiyar eriyar talabijin a jaka, ina kuma da tsohon ƙarfen Malam Ɗanjuma da ban taɓa rabuwa da shi ba. Na ce a kawo min garwashi daga madafi. Na zauna a zaure na feƙe bakin igiyoyin biyu, na cusa ƙarfe a wuta, na kawo shi kusa da kumatu, na ɗiga dalma, na naɗe da roba. Irin wannan haɗi in ka yi shi da garaje sabis ɗin a nan zai zube, don haka na yi shi a hankali kamar mai ɗinkin hula. Ado ya ja igiyar ta kan katanga, ta bayan rumbu, ta tagar ɗaki. Ya leƙo ya ce sandar tana nan. Wayar da ake taƙama ba ta da zare, ranar nan sai da zare ya kai ta inda za ta.

Saura mutane. Matar Ado ta kwashe yaran gida ta yi rijiya da su. Ni kuma na fito da rediyona na ajiye a ƙarƙashin tsamiya na ƙure murya, ana shirin gaishe-gaishe, na hau ba maza labarin yadda dogon ƙarfe ke aiki, na gaskiya da na ƙari. Duk suka dawo kaina. Na riga na nuna wa Ado inda zai danna, na ce da ta yi ƙara ya danna, ya sa mata a hannu, ya saki asabari, ya fito ya bar gidan.

Haka aka yi. Ado ya fito ya zauna kusa da ni.

Har yau ban san abin da suka faɗa wa juna ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Na dai san an gama shirin gaishe-gaishe, an yi labarai, inuwar tsamiya ta matsa, sannan aka ce Iya na kirana a zaure. Na same ta tsaye da wayar a tafin hannu biyu, idanunta jawur.

Ta ce, "Hayaƙin garwashin nan naka duk ya cika min ido."

Na ce, "Ayya, Iya, a yi haƙuri, gawayin ne ɗanye."

"Ku sauke gorar nan kar ta faɗo wa awaki." Ta miƙo min wayar. "Shi wannan abin me kuke ce masa?"

"Wasu su ce salula, Iya, wasu su ce tafi-da-gidanka."

"Uhm. To waɗanda suka tafi da nasu gidan sai su dawo da shi, shuka ta kusa."

Na koma Gaya da zakara a rataye a kan mashin da ƙwaryar gyaɗa. Kafin ruwan shuka ya sauka Isuhu ya iso. Ya zo laimata ya kama hannuna da hannu biyu, na ce ya zauna ya sha ruwa kawai. Ya yi noman shekarar a gonar mahaifinsa, bayan kaka ya buɗe shagon gyaran waya a Kano, kusa da gida.

Kowace sana'a da shekarar da take gwada mai ita. Tawa ta zo lokacin da waya ta yi araha. Wanda jiya yake layi a bencina, yau ya wuce da tasa a kunne yana ɗaga min hannu. Ƙarfen sabis ya yawaita, ba mai bukatar gorata. In wuni a ƙarƙashin laima daga ni sai ƙudaje. Na koma cajin waya, janareta ya yi tsalle wata rana ya ƙone cajojin gaba ɗaya. A shekarar kuma ruwan sama ya ɗauke lokacin da gero ke cikin fitar da kai, abin da na samu a gona bai kai mu ko'ina ba. Ladi ta fara ƙuli-ƙuli don a rufa asiri. Na tsorata, ba zan ɓoye muku ba, don mai furfura da iyali ba shi da inda zai fara.

Ado ne ya kai wa Isuhu labari. Sai ga shi a ƙofar gidana.

"Baba Sabo, hannun da ya iya dalma ba ya zama haka nan. Ka taho Kano ka koyi cikin waya."

"Ni da tsufana? Yaran shagonka su yi ta min dariya?"

"Su yi mana. Kai da ka sa aka hau tsamiya da gora, dariya ce za ta dame ka?"

An ce in kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja. Na tafi. Sun kuwa yi dariyar, don ranar farko na yi atishawa a kan tebur, wani ɗan abu da bai kai ƙwayar riɗi ba ya tashi, muka wuni muna rarrafe muna nema. Cikin rediyo fili ne, kana iya sa yatsa. Cikin waya kuwa sai da hantsaki da madubin ƙara girma, ga injin hura zafi wanda in ka matsa kaɗan ka narkar da abin da ba ka yi niyya ba. Isuhu ya saya min tabarau, ya zaunar da ni kusa da shi, bai taɓa ɗaga min murya ba, kuma duk wanda ya shigo sai ya ce, "Ku gaida babana." Wayar farko da na tayar da hannuna ta faɗa cikin koko ne. Na kwance ta, na wanke da sinadari da buroshi, na busar, na share tsatsar bakin batir, na danna, ta kawo haske. Na yi hamdala a fili har yaran suka yi tafi. Alheri danƙo ne, ni na gani da idona, kuma har in mutu ina yi wa yaron nan addu'a.

Na dawo Gaya na kafa rumfar da kuke gani. Wayoyinmu na nan ciwonsu daban ne da na birni: ƙurar sussuka, ɓarɓashin goro a bakin caji, wadda ta faɗa randa, wadda saniya ta taka. Duk na gyara, wasu sun tashi wasu sun ƙi. Amma wadda nake so ku ji ita ce ta Iya Tabawa.

Isuhu ya saya mata ƙarama mai maɓallai, ya aiko ta wurina in sa mata lambarsa. Na ce, "Iya, da wane suna zan sa?" Ta dubi titi ta ce, "Ka sa kawai." Na sa lambar a maɓalli na farko, na ɗiga masa jan fenti, na ce in ta danna nan ta riƙe, shi zai ɗauka. Ta ce ta ji, ta ƙulle ta a haɓar zani.

Ba a daɗe ba sai ga ta ranar kasuwa. "Malam Sabo, duba min abin nan. Ya daina kuka."

Na duba batir, a cike. Na duba sabis, ga shi nan. Na kira ta da tawa, ta yi ƙara har mai shayi ya waiwayo. Na buɗe baki zan ce lafiyarta ƙalau, abin da kowannenku zai ce ke nan, sai na ga yadda ta zuba wa wayar ido, ba ta ko kallon inda nake. Na tuna Malam Ɗanjuma. Na ce, "Ƙura ce ta shiga, Iya. Je ki yi cefanenki ki dawo." Tana juya baya na cire murfin, na share da buroshi don kar in zama maƙaryaci, na mayar, na ɗauki tawa na kira Kano. "Isuhu, yaushe rabonka da kiran gida?" Ya ce, "Innalillahi, Baba, aiki ne ya sha kaina." Na ce, "To ka bari ta dawo daga wajen 'yan kukar miya, sannan ka kira ta."

Ta dawo, ta karɓa, tana cikin ƙulle ta a zani ta fara ƙara. Ta zaga bayan rumfa inda ba kowa. Da ta fito ta ce, "Hannunka da albarka."

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Isuhu ba mugun ɗa ba ne, yana kira, yana zuwa, amma birni da cin lokaci, wani sa'in sai a kwana biyu. Duk ran da na hango ta tafe tana kwance haɓar zani, na san ciwon. Ban taɓa karɓar ko sisinta ba, ita kuma ba ta taɓa zuwa hannu rabbana ba, ko daddawa ko kuɓewa busasshiya.

Zuwanta na ƙarshe da sanda ta zo, Ado na riƙe da ita. Na ɗauki sukudireba ina laluben tabarau, sai ta ɗora hannunta a kan wayar.

"Bar kwance ta, Sabo. Ka tsufa, ni ma na tsufa. Tun ran farko na san ba ita ke ciwo ba. Taɓo shi kawai, ka ce ya zo."

Na taɓo shi, ya zo a ranar. Yana gefenta ta cika, bayan an kai amfanin gona gida. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Malam Ɗanjuma, ya jiƙan namu iyayen.

Bayan an share makoki Isuhu ya biyo ta rumfata zai koma Kano. Ya zauna a benci ya fito da wayar daga aljihu, ya ce in cire layin, shi ba zai iya ba. Na karɓa na kai ta ƙarƙashin fitila. Kafin in cire na duba wurin kiran da aka yi da ita, fayau yake, ba ta taɓa kiran kowa ba ko sau ɗaya. Sai idona ya kai kan maɓalli na farko. Jan fentin da na ɗiga ya goge tas, lambar da ke ƙarƙashinsa ma ta shafe, robar ta yi santsi ta lotsa daidai faɗin babban yatsa. Sauran maɓallan kuwa sababbi ful, kamar yau aka fito da su daga kwali.

Na miƙa masa na nuna da bakin sukudireba. Ya duba, ya sake dubawa, ya ɗora yatsansa a wurin. Na ga kafaɗunsa sun fara rawa, ga kasuwa ta cika, mutane na wucewa suna leƙe.

Na tashi na saki labulen rumfa, na kunna rediyo na ƙure murya.